Koyon zuba jari a indeks da fakta: abin da na karanta, abin da na kashe, inda na maƙale

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na yanke shawara daga yau zuwa bayan sallah zan zauna in koyi harkar asusun indeks, wato asusun da ke sayen hannun jarin kasuwa gaba ɗaya ba tare da zaɓe ba, da abin nan da ake cewa fakta, wato siffofin kamfani da masu bincike suka ce suna bayanin ribar hannun jarinsa, kuma ba zan saka ko sisi a kasuwa ba sai na gama. Ni malamin lissafi ne a sakandare, albashi ba wani mai yawa ba ne, amma ɗan abin da nake ajiyewa a banki ina gani da idona yana narkewa, buhun shinkafar da kuɗin zai saya bara bana rabi ma da ƙyar. Kasafin koyo naira dubu 30, data da bugun takardu duk a ciki. Ba kwas ɗin kuɗi, ba masu "zo in koya maka sirrin kasuwa" na WhatsApp.

Tsarin da na yi: Janairu indeks zalla, Fabrairu fakta, azumi kuma batun halas da haram da kasuwarmu ta gida. Sa'a ɗaya bayan isha'i in da wuta.

Laraba, 15 ga Janairu

Na fara da wata 'yar gajeriyar maƙala ta William Sharpe ta 1991, tana nan kyauta a shafinsa na jami'ar Stanford, ba ta fi shafi uku ba, na buga ta a shagon kwamfuta na bakin makaranta. Wallahi da na san da ita tuntuni da ban ɓata lokaci a bidiyoyin TikTok ba. Hujjar mutumin lissafin firamare ce. Duk masu hannun jari in aka haɗa su wuri ɗaya su ne kasuwar, to matsakaicin ribarsu dole ya zama ribar kasuwa. Masu indeks suna sayen kasuwar yadda take, suna samun ribarta. Ke nan ragowar, masu zaɓe da saye da sayarwa, su ma in ka haɗa su ribar kasuwa za su samu, babu inda ƙari zai fito. Sai dai su suna biyan manajoji da dillalai kuɗi mai yawa, don haka bayan an cire wannan dole matsakaicinsu ya yi ƙasa. Bai ce babu wanda zai doke kasuwa ba, cewa ya yi duk wanda ya doke ta akwai wanda ta doke a ɗaya gefen.

Na karanta sau biyu ina neman ɓaraka ban samu ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Tarihi yau. John Bogle ya kafa kamfanin zuba jari na Vanguard a Amurka a 1975, a 1976 ya buɗe asusun indeks na farko na gama-garin mutane mai bin ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500 da ake kira S&P 500. Sun so tara dala miliyan 150, wajen miliyan 11 suka samu, aka yi ta masa dariya. Ya rasu a Janairun 2019 kamfanin yana riƙe da tiriliyoyin daloli.

Na gwada batun kuɗin kulawa da kalkuleta. Naira miliyan 1 in tana ƙaruwa da kashi 10 duk shekara, bayan shekara 25 ta zama wajen miliyan 10.8. In manaja yana ɗaukar kashi 2 ya rage maka kashi 8, miliyan 6.8 za ka tarar. Kusan miliyan 4 ta tafi a abin da kake gani kamar ba komai. Gobe zan ba 'yan SS2 wannan a matsayin aikin aji, ya fi misalan littafinsu ma'ana.

Asabar, 25 ga Janairu

Na je gaida Kawu, hira ta kawo mu kan abin da nake karantawa. Bai ce komai ba ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon fayil cike da satifiket ɗin hannun jarin bankuna, na lokacin da Soludo, gwamnan babban banki a wancan lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara naira biliyan 25, aka yi ta tallar hannun jari a rediyo. Ya saka kuɗin sallamarsa a bankuna uku, biyu daga ciki yau ko sunansu babu. Yace "ɗan nan wannan abin caca ce da kwat, ka nemi fili ka saya." Nace Kawu Allah ya ƙara girma, ai ku tumatir uku kuka tsinta daga kwando, biyu suka ruɓe, ni kwandon gaba ɗaya nake son saye. Yace to in motar tumatir ɗin ce ta faɗi fa? Kuma yana da gaskiya, domin ma'aunin kasuwar Legas gaba ɗayansa ya haura 66,000 a Maris 2008, kafin shekara ta zagayo ya sauko wajen 20,000. Ko indeks ka saya a lokacin ka sha kashi. Bambancin kawai shi ne indeks bai mutu ba, ya daɗe ƙwarai kafin ya dawo amma ya dawo, takardun Kawu biyu kuwa sun tafi har abada.

Da na dawo gida na nemi binciken Hendrik Bessembinder na 2018. Ya duba hannayen jarin Amurka daga 1926 zuwa 2016, ya gano wajen kashi 4 na kamfanoni ne suka samar da duk ƙarin dukiyar da kasuwar ta yi sama da takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, fiye da rabin kamfanonin ko waɗannan takardun ba su kamo ba. Wannan ya fi komai gamsar da ni zuwa yanzu. In ka zaɓi uku ko biyar, abin da ya fi yiwuwa shi ne babu ko ɗaya daga 'yan tsirarun nan a hannunka.

Talata, 4 ga Fabrairu

Taransufomar unguwa ta lalace tun makon jiya, karatu ya tsaya sai ɗan abin da na yi a ofishin malamai. Na fara kwas ɗin Robert Shiller na Yale kan kasuwannin kuɗi, kyauta ne, amma bidiyon suna shan data kamar me, kuma yawancinsa ya fi abin da nake nema faɗi. Na ajiye shi. Bidiyoyin Ben Felix na YouTube sun fi dacewa, gajeru ne, yana faɗin sunan binciken da ya dogara da shi sai in je in nema. Ina sauke su da tsakar dare a ƙaramin inganci.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau na karanta rahoton SPIVA, mai gwada asusun manajoji da ma'aunin kasuwa, na kamfanin S&P. In aka ɗauki shekara 15, kusan 9 cikin 10 na asusun manyan kamfanonin Amurka da manajoji ke zaɓa sun gaza kamo S&P 500. Sai cacar Warren Buffett ta dala miliyan 1 daga 2008 zuwa 2017, asusun indeks ya yi wajen kashi 126, tarin asusun ƙwararrun da aka kara da shi ko kusa ba su zo ba. Ɓangaren indeks na rufe shi. Gaskiya ba shi da wani zurfi, mako uku sun isa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Nan ne kai ya fara zafi. Abin da na fahimta zuwa yanzu, in rubuta kafin ya gudu.

A da an ɗauka abu ɗaya ne ke bayanin ribar hannun jari, wato yadda yake rawa tare da kasuwa, wannan shi ne tsarin CAPM na shekarun 1960 wanda Sharpe ɗin nan yana cikin masu shi. Sai Rolf Banz a 1981 ya nuna ƙananan kamfanoni suna ba da riba fiye da yadda tsarin ya ce. Eugene Fama da Kenneth French a 1992 da 1993 suka ce abu uku ne: kasuwa, ƙanƙantar kamfani, da arha, wato kamfanin da farashinsa ya yi ƙasa in aka gwada da dukiyar da ke littafinsa. Jegadeesh da Titman a 1993 suka nuna wanda ya tashi a watannin baya yakan ɗan ci gaba da tashi, Mark Carhart ya ƙara wannan a 1997 ya zama na huɗu. A 2015 Fama da French suka dawo da biyar, suka ƙara a kan ukunsu na farko ƙarfin ribar kamfani da kuma yadda yake kashe kuɗi wajen faɗaɗa kansa.

Abin da ya ɗaure min kai kwana da kwanaki shi ne fakta ba kaya ba ce da za ka saya. Ragi ce. Ribar masu arha a cire ribar masu tsada, abin da ya rage shi ne faktar. A takarda kamar ka sayi waɗannan ka ci bashin waɗancan ka sayar. Mutum irina ba zai yi haka ba, iyakarsa ya sayi asusun da ya ɗan karkata wajen masu arha, ka ga ashe ba duk ribar takarda za ta iso shi ba.

Maƙalar 1993 ɗin kanta na buɗe na rufe, teburori ne shafi bayan shafi. Littafin Larry Swedroe da Andrew Berkin na 2016 ya fi sauƙin shiga, wani abokin aiki ya ara min nasa. Abin da na ɗauka a ciki tambayoyin da suke yi wa kowace fakta: ta daɗe tana aiki, tana aiki a ƙasashe da yawa, in an sauya yadda ake auna ta ba ta ɓacewa, ana iya saka kuɗi a cikinta bayan cire kuɗin ciniki, kuma akwai dalilin da hankali zai ɗauka.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Wahala. French yana da rumbun alƙaluma kyauta a shafinsa na jami'ar Dartmouth, ribar kowace fakta wata-wata tun Yuli 1926. Nace bari in gani da idona maimakon in yarda da masu YouTube. Fayil ɗin a zif yake zuwa, wayata ta ƙi buɗewa, sai da na kai kwamfutar makaranta. Da na zuba shi a Google Sheets na ɗauki matsakaici sai lambar ta fito wata iri, ta fi abin da littafi ya ce nesa ba kusa ba, har na fara murna wai na gano wani abu. Ashe a fayil ɗin in lissafin wata-wata ya ƙare, a ƙasa kaɗan sai na shekara-shekara ya fara a layukan nan dai, duk sun shiga cikin matsakaicin. Na yanke su. Sai matsala ta biyu, kwanan wata an rubuta shi 192607, manhajar ta ɗauka lamba ce dubu ɗari da casa'in da wani abu, zanen ya fito a karkace. Ta uku, lambobin a kashi suke, 2.5 na nufin kashi biyu da rabi, in za ka tara riba kan riba sai ka raba da 100 tukuna, in ba haka ba naira ɗaya za ta zama kuɗin da babu shi a duniya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, injin makaranta ba a tayar da shi ranar Lahadi, ban adana gyaran ƙarshe ba.

Ga kuma kuɗin data ya tashi bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince wa kamfanonin waya. Zuwa yau na kashe wajen dubu 17, fiye da rabin kasafi, ban ma kai rabin tafiya ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ya yi. Zanen ya fito tsaf. Tun 1926 kasuwa ita ce babba, tana ba da sama da rabin kashi ɗaya a wata a kan takardun gwamnati. Arha tana biye amma ba ta kai haka ba, ƙanƙanta ita ce mafi rauni, kuma yawancin abin da ta yi a shekarun da can ne. Abin da ya tsaya min a rai layin arha daga wajen 2007 zuwa 2020, gangara yake yi kawai, 2020 ta fi muni, sai 2021 da 2022 ya farfaɗo. Shekara goma sha uku kana riƙe da abu yana baya, maƙwabcinka mai indeks zalla yana gaba, kana ce wa matarka ki yi haƙuri farfesoshi sun ce zai dawo. A littafi layi ɗaya ne, a zane kuwa sai ka ji shi a ciki.

Gobe azumi in an ga wata.

Lahadi, 9 ga Maris

Karatu ya ragu, bayan tarawihi barci kawai. Na samu Malam bayan tafsiri nace Allah ya gafarta Malam, mene ne hukuncin sayen asusun da ya ƙunshi kamfanoni ɗaruruwa, ciki har da bankunan ruwa da na giya. Yace asalin hannun jari tarayya ce a kasuwanci, babu laifi, amma abin da kamfanin ke yi shi ne magana, in nemi wanda aka tace. Yace kuma malamai sun yi saɓani a kan kamfanin da sana'arsa halas ce amma yana da ɗan bashin ruwa, in karanta ƙa'idojin in dawo mu duba tare.

Lahadi, 16 ga Maris

Wannan makon ne abubuwa biyun suka haɗu min.

Tacewar mataki biyu ce. Na farko a cire masu sana'ar haram, bankin ruwa, inshorar da aka saba, giya, caca, alade. Na biyu a duba littafin kamfani. Ƙa'idar AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, ta ce bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga mara tsabta kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka daga rabon riba. Wasu masu indeks kashi 33 suke amfani da shi. Dow Jones ta fara nata ma'aunin na Musulunci tun 1999.

To duba nan. Su waye kamfanoni masu arha a lissafin Fama da French? Bankuna da inshora suna da yawa a cikinsu, da kamfanonin da bashi ya yi wa nauyi farashinsu ya faɗi. Su ne daidai waɗanda tacewar shari'a ke zubarwa. Kuma tunda ana gwada bashi da darajar kasuwa, kamfani in farashinsa ya faɗi sai rabon bashinsa ya haura ya fita daga jerin, wato lokacin da ya zama mai arha lokacin ake korarsa. Na buɗe jerin asusun SPUS mai bin S&P 500 da aka tace, a sama Apple ne da Microsoft da Nvidia, babu JPMorgan babu Berkshire. Ke nan duk wanda ya sayi indeks na halas ya riga ya karkata ko bai sani ba, ya nisanci arha, ya matsa wajen masu ƙarfin riba da ƙarancin bashi da kamfanonin fasaha. Duk cikin abin da na karanta da bidiyon da na kalla ba wanda ya yi min wannan bayanin, don ba don irinmu aka rubuta su ba. Amfanin karatun fakta a wurina ya koma sanin inda na karkata, ba neman ƙarin karkata ba.

Kuɗin kulawa ma ba ɗaya ba. Asusun Vanguard na S&P 500 kashi 0.03 ne a shekara, na halas a Amurka suna kusa da rabin kashi ɗaya.

Asabar, 22 ga Maris

John Cochrane ya kira abin gidan zu na faktoci a 2011. Harvey da Liu da Zhu sun ƙirga guda 316 da aka wallafa, suka ce da yawa sa'a ce kawai ta yawan gwaji. McLean da Pontiff a 2016 sun ga ribar irin waɗannan tana raguwa da fiye da rabi bayan an wallafa. A matsayina na mai koyar da lissafi wannan bai ba ni mamaki ba, ka gwada abu ɗari uku dole wasu su yi kyau.

Sai na juyo gida. Ma'aunin NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, ya tashi wajen kashi 46 a 2023, amma dala a hukumance ta tashi daga wajen 460 zuwa wajen 900, in ka auna da dala asarar kusan kwata ka yi. A 2024 ya tashi wajen kashi 38, hauhawar farashi a Disamba 34.8, ka tsira da ƙyar. Ana faɗa a kan faktar da za ta ƙara maka kashi 2 a shekara in Allah ya sa, mu kuma naira na iya cinye kashi 40 a shekara ɗaya. Tambayar nawa zan ajiye a naira nawa a dala ta fi duk faktocin nan girma.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Trump ya sanar da harajin kaya ranar 2 ga wata, S&P 500 ya zube wajen kashi 10 cikin kwana biyu. Ban da ko kwabo a ciki amma na kasa daina duba waya. Na rubuta a takarda cewa da ina ciki ba zan sayar ba, na sa kwanan wata, mu gani.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ranar Laraba ya tashi kashi 9.5 a yini ɗaya da aka dakatar da yawancin harajin. Wanda ya sayar ranar Litinin ya shiga uku.

Na fara buɗe akawun wajen wani dillali mai rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, don sai da lambar CSCS, inda ake ajiye rajistar hannun jarin mutum, ake saye a NGX. An dawo min da takardu wai sunana a BVN Mohammed ne a NIN kuma Muhammad. Na je gyara, layi tun safe, aka ce netwok babu, na koma washegari aka karɓa aka ce in jira. Kuɗin mota da fotokwafi da na gyaran sun ci dubu 9. Jimillar abin da na kashe tun farko dubu 34, na haura kasafi.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Har yau gyaran suna bai fito ba. Kafin nan ga inda na tsaya. Ba zan sayi asusun fakta ba, wanda aka tace na halas mai bin arha ban ma gan shi inda hannuna zai kai ba. A gida akwai Lotus Halal ETF (ETF asusu ne da ake saye da sayarwa a kasuwa kamar hannun jari) mai bin ma'aunin Musulunci na NGX tun 2014, akwai kuma masu bin NGX 30 na Vetiva da Stanbic amma su da bankuna a ciki. Kamfanonin da ke ma'aunin halas na gida ba su da yawa, siminti da waya da abinci ne suka cika shi, kuma cinikin ETF a kasuwarmu gaba ɗaya kaɗan ne, don haka zan riƙa saka farashin da nake so in jira, ba in ce a saya min ko nawa ne ba. Wani kaso zai tafi sukuk, takardun jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya, in an buɗe sabo. Na dala kuma sai na gama lissafin kuɗin canji da harajin kashi 30 da Amurka ke cirewa a rabon riba, tunda ba mu da yarjejeniyar haraji da su, asusun da aka yi wa rajista a Ireland kashi 15 ake cire musu, in ga ko akwai manhajar da ke ba da su.

Saura zakka. Ban san ko a kan darajar kasuwa gaba ɗaya ake fitarwa ba ko a kan wani kaso tunda ba don juyawa zan riƙe ba, na buga ƙa'idar AAOIFI shafukan da suka shafi haka, Malam yace in same shi Alhamis bayan la'asar.